Ƙanzon da Ke Cikin Lofen Baba

Launceston, Tasmaniya
9 ga Janairu, 1961

Zuwa ga ɗan uwana Merv, Baƙin Mai na can ƙarshen duniya,

Ina gaishe ka, Noreen ma tana gaishe ka. Da fatan sauron Vanikoro ya rage mana wani abu a jikinka, kuma injin jan gungumen nan bai ci maka yatsa ba tukuna. Mu lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke kuka duk lokacin da na hau matakalar shago. Likita ya ce tsayuwar aski ce ta shekara talatin. Na ce to sai ya koya wa mutanen garin nan aske ƙeyarsu da kansu.

Lofenka na shan taba talatin da ɗaya, har da na mahaifinka, suna nan yadda ka bar su, a kabad ɗin bayan shago, ina share musu ƙura duk Asabar. Nawa sun zama arba'in da huɗu. Na tsinci na ƙarshen a gwanjon kayan wani mamaci a Longford, cikin akwatin ƙusoshi, ka ji wulaƙanci. Samfurin nan namu ne da ake kira buldok, na gaske, gajere, ga wuyan nan mai kusurwa huɗu, ga layi biyu a kewayen kai kamar an ja da zare. Wani manomi yana kan kujera ina masa aski, ya leƙa kabad ya ce, “Clarrie, ai duk iri ɗaya ne.” Na ce, “'Ya'yanka bakwai ma hanci ɗaya gare su, ka taɓa rikita su?” Ya ce, “Kullum.”

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar goma ga Yuni za a yi baje kolin kayan sha'awa a babban zauren gari, masu tara kan sarki da masu tsofaffin agogo da sauransu. An ba ni tebur guda. Ina so in jera nawa da naka, saba'in da biyar, duk samfuri ɗaya. Ba a taɓa ganin haka a tsibirin nan ba. A tsakiya kuma in sa na mahaifinka. Ai shi Kawu Alby ne ya sa mana wannan ciwon na tara lofe ni da kai, tun shekarar da aka kai ni hutu Strahan aka ce ga wani ɗan uwan uwata can na nesa, na tarar da shi a bakin ruwa da abin nan a baki.

Sai dai ka san halin da lofen yake ciki. Ƙanzon taba ya cika masa ciki har ƙaramin yatsa ba ya shiga, leɓen ya ƙone, bakin duk cizo ne, ga wani zare da aka naɗe a wuya. Ka ba ni izini in wanke masa fuska. In kankare cikin, in jiƙa shi da gishiri da barasa, in yi masa sabon baki, in goge da kakin zuma. Kai ka koya mini aikin, ka san ba zan ɓata ba. Na rantse maka akwai itace a ƙarƙashin baƙin nan da babu irinsa a cikin saba'in da huɗun.

Ka amsa da jirgin farko.

Naka,
Clarrie Hazlewood

*

Vanikoro
6 ga Maris, 1961

Wanzami,

Takardarka ta iso ran Asabar, ta jiƙe ta bushe a hanya har warin kwakwa take. Ina gaishe ka, ina gaishe da Noreen. Gwiwa kuwa, ka rage cin abin da take dafawa, za ta yi shiru.

Ni ina nan da rai. Yau kwana goma sha tara ana ruwa, takalmina ya yi fumfuna, naman gwangwani ya fita mini a rai. Za ka ga rubutun ya karkace. Makon jiya na dafa bututun tururi na injin ban san yana da zafi ba, fatar tafin hannun dama ta saɓule. Na zuba masa man inji na ɗaure da tsumma, da hagu nake rubutu. Kai kaɗai na gaya wa, don dama ba ni da wanda nake rubuta wa sai kai.

To, maganar. Talatin ɗin nan ka kai su, ka goge, ka jera yadda ka ga dama. Na Baba kuwa a'a. Kada ka kankare, kada ka jiƙa, kada ka canja masa baki, kada ma ka fito da shi daga gwangwaninsa. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ka gani ko ba tabarau: KADA KA TAƁA SHI.

Abin da kake kira datti, bari in gaya maka mene ne. Ƙanzon nan shekara arba'in ya yi yana taruwa, kowace safiya kaɗan, a sansanonin saran itace na kogin Gordon. Leɓen ya ƙone ta ɓangare ɗaya ne saboda a can ashana ba ta kamawa, da garwashi yake kunnawa, kuma da hagu, tunda gatari ya ɗauke masa yatsu biyu na dama. Ramin da ke bakin, haƙorinsa ɗaya ne ya haƙa shi, wanda ya rage masa a gefen nan. Zaren kuma na fatsa ne. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya kwalekwalenmu ya daki gungume, lofen ya faɗi ya tsage, muka zauna a kan yashi yana naɗewa ina riƙe masa. Yana cewa, “Nan za ka riƙe, Mervyn, ba can ba. Hannu ne da kai ko filafili?”

Ka san ban samu jana'izarsa ba. Saƙon mutuwarsa ya same ni bayan sati uku da binne shi. Da na zo hutu bara na kwashe kayan gidan, kana gaba kana aski na shiga bayan shagonka na buɗe gwangwanin na sa hanci. Clarrie, yana ciki. Tabarsa, hayaƙin ɗanyen itace, man itacen da ba ya barin hannunsa. Ban kawo shi nan ba saboda danshin tsibirin nan yana cin komai. Na bar shi a wurinka ne don a wurinka ya fi tsira.

Na san ka. In ka ga baƙi a kan itace mai kyau hannunka ƙaiƙayi yake yi. Ka sa hannun a aljihu. In teburinka yana son abu a tsakiya, ka sa na Longford.

Jirgi zai tashi jibi da katako, wannan za ta bi shi.

Naka,
Merv

*

Launceston
14 ga Mayu, 1961

Baƙin Mai,

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya fara shigowa, ganye ya zube, gwiwa tana nan da waƙarta. Noreen ta yi mura ta warke.

Har yau shiru, ban ga amsarka ba. Kowace safiya ina tare mai kawo wasiƙu a ƙofa har ya fara tsallaka titi in ya hango ni. Ko jirginku ya nutse ne? Saura ƙasa da wata guda, na sa an yi mini katako mai hawa uku, na shimfiɗa masa koren ƙyalle. Talatin ɗinka na goge su suna ta ƙyalli. Na Kawu yana cikin gwangwaninsa, ban taɓa shi ba tukuna. Amma ka san lokaci ba ya jira, in na ji shiru zan ɗauka ka yarda, don na san da kana nan da kai za ka riƙe mini fitila.

Ba wani labari. Mai sayar da nama na kusa da mu ya rina gashinsa, yanzu karensa ba ya gane shi. Na bar wa Noreen ta rufe ambulan ta kai gidan waya, ga mutum uku suna jirana.

Naka,
Clarrie

A bayan takardar, da fensir:

Merv, yaya hannun? Tun da Clarrie ya karanta mini ban daina tunani ba. Don Allah ka daina zuba masa man inji, kai ba keke ba ne. Ka wanke da ruwan da aka tafasa, ka sa zuma in akwai. Noreen.

*

Launceston
18 ga Yuni, 1961

Ɗan uwa,

Ina fata kana lafiya. Mu lafiya. Akwai labari mai daɗi, akwai wanda ban san ta inda zan fara ba. Bari in fara da mai daɗin.

Teburinmu ne ya zo na ɗaya. Ga hoton da jarida ta buga na yanko maka, ka ga katakon, ka ga ni a gefe kamar wanda aka kama da sata. Mutane layi suka yi. Masu kan sarki suna can kusurwa suna hamma. Wani tsoho da ya yi aikin jirgin ruwa ya tsaya gaban na Kawu ya fi minti goma, ya ce, “Yaro, wannan ba na sha ba ne, na kallo ne.” Ni mai furfura yake kira yaro.

Kwana shida na yi a kansa, Merv. Da baƙin ya fita sai ga jijiyar itacen ta miƙe tun daga gindi har leɓe, a jere, kamar gashin da aka taje da ruwa. Babu tabo ko ɗaya. Zoben wuyan ashe azurfa ne, da hatiminsa na shekarar 1908. Na yi masa sabon baki da hannuna. Shekara arba'in Kawu yana yawo da abin da ya fi duk namu, yana buga shi a dunduniyar takalmi.

Yanzu ɗayan. Takardarka ta watan Maris jiya ta iso. Jiya, bayan an gama komai da mako guda. Ambulan ɗin duk hatimi, ban san ƙasashen da ta zaga ba. Na karanta a tsaye, sai da na nemi kujerar aski na zauna. Da ta zo a kan lokaci da ko murfin gwangwanin ban ɗaga ba. Ban san labarin zaren ba, ban san kana sa hanci a ciki ba. Me zan ce maka? Jirgin nan naku ya cuce mu, ni da kai.

Ka yi haƙuri. In ka gan shi wataƙila zuciyarka ta yi sanyi.

Naka,
Clarrie

*

Vanikoro
11 ga Agusta, 1961

Clarrie,

Takardunka biyu, ta Mayu da ta Yuni, jirgi ɗaya ya kawo su yau da safe. Ina lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Na karanta su a kan gadar jirgi, na ninke, na koma bakin aiki. Na ja gungume tara kafin azahar. Mutanena suka ce yau Baturen nan ba ya zagi, ko ba shi da lafiya ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ji na yi kamar yau wayar mutuwarsa ta zo. Ta farkon ma ban ji ta haka ba, don a lokacin na san akwai gwangwani a wani wuri da zan buɗe. Na kalli hoton jaridar har idona ya yi ciwo. Akwai wani abu mai ƙyalli a tsakiyar katakon, ban san shi ba.

Amma ba zan ɗora maka abin da ba naka ba. Ka tambaya tun Janairu, ka jira har Mayu, ka ji shiru. Da ni ne da na ƙara jira, amma ni ba ni da tebur da ranar da aka sa. Kuma laifina ne da ban gaya maka baki da baki ba ranar da na miƙa maka gwangwanin. Cewa kawai na yi, “Ajiye mini wannan.” Mu mutanen gidan nan haka muke, sai abu ya lalace muke faɗin darajarsa.

Kyaftin ɗin jirgin ya zo shan shayi ɗakin cin abinci, na tare shi na tambaye shi inda ya kai buhun wasiƙun Maris. Ya ce ya sauke shi da hannunsa a Brisbane farkon Afrilu. Na kira shi maƙaryaci a gaban mutane, na ƙara da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba saboda Noreen. Sai da aka shiga tsakani.

Kada ka sa abin a ranka har ya hana ka barci. Na san yadda ka ji da ka zauna a kujerar nan. Jirgi zai yi kwana huɗu yana lodi, zan ba da wannan kafin ya tashi.

Naka,
Merv

*

Vanikoro
14 ga Agusta, 1961

Clarrie,

Wannan za ta zo maka tare da wadda na rubuta shekaranjiya waccan. Na so in karɓo waccan daga buhu in yaga, sai na ce a'a, gara ka karanta ta. Ka fara da ita, ka ga irin wawan da ka samu.

Yau da rana na zauna cin abinci, na ɗauko takardarka ta Mayu zan ɗora kofin shayi a kai, iska ta juya ta. Ashe akwai rubutu a baya, da fensir. Noreen ce take tambayata hannu. Ta ce tun da ka karanta mata ba ta daina tunani ba. Har maganar man inji ta sani.

Na ƙone hannuna a ƙarshen Fabrairu. A takarda ɗaya tak na faɗa, ta shida ga Maris, wadda na ce a cikinta kada ka taɓa lofen Baba. Babu wani mahaluƙi a Tasmaniya da na rubuta wa. To ranar sha huɗu ga Mayu matarka ta san da hannun. A gaban wannan takardar kai kana cewa shiru, ba ka ga amsata ba, kana tare mai kawo wasiƙu a ƙofa. A nan kuma ka ce lofen yana cikin gwangwaninsa ba ka taɓa shi ba tukuna.

Ke nan takardata tana gidanka, lofen yana nan lafiya da ƙanzonsa da zarensa, ka karanta manyan baƙaƙen, sannan ka ɗauki wuƙa.

Na je na sami kyaftin a gaban mutanen da suka ga na zage shi, na cire hula na ba shi haƙuri. Ya ce, “Wa ya mutu ne, aboki?” Na ce babu wanda ya mutu kwanan nan.

Ba zagi zan yi ba, na gaji. Abu ɗaya nake so. Ka rubuto mini ranar da ta iso, da abin da ka yi daga ranar har zuwa ranar da ka gama. Kada ka sa mini labarin karen mai nama. Kada ka ce ka yi don Baba.

Mervyn

*

Launceston
2 ga Oktoba, 1961

Merv,

Ban san ko ina da bakin tambayar lafiyarka ba, amma ina fata kana lafiya. Takardun biyu sun zo, na karanta su yadda ka ce.

Ranar biyar ga Mayu takardarka ta Maris ta iso. Na karanta a shago, na karanta wa Noreen a kan tebur da muka zauna cin abinci, amma na tsallake wurin lofen. Na sa ta a aljihun tebur ƙarƙashin asake. Ran sha huɗu na rubuta maka ƙarya don in share wa kaina hanya. A ranar ban yanke shawarar yi ba, amma ga shi na share hanyar, to ka ga ke nan.

Ran ashirin da biyu na ce zoben kawai zan goge, zobe ai ba ya wari. Da ya fito sai na tofa yawu a babban yatsa na murza gefen kan, wuri kamar ƙwayar wake, don in gani kawai. Na ga jijiyar. Merv, shekara talatin da wani abu ina son ganin fuskar itacen nan, tun ina kallonsa a bakin Kawu. Na murza wani wurin. Daga nan ban tsaya ba. Ina kankarewa ina jin muryarka, ban tsaya ba. Tsohon bakin ya karye gida uku da na zo zare shi, na jefa shi a murhu tare da zaren don kada in riƙa ganinsu.

Ka ce kada in ce don Kawu na yi. Ba don shi ba ne. Amma akwai abin da na riƙa gaya wa kaina, gara ka ji shi. Wata goma sha huɗu ya yi a ɗakinmu na baya. Ni nake cika masa lofen kowace safiya. Da hannun ya daina riƙewa, ni nake riƙe masa yana zuƙa. Wajen ƙarshe yakan ce mini, “Mervyn, ka danna tabar da yawa, ba ka taɓa iyawa ba.” In ce, “To, Baba.” Ban taɓa gaya maka ba. Sai na riƙa cewa a raina, wanda ya amsa sunan ai yana da rabo a lofen. Ba ni da shi. Na sani tun a lokacin.

Noreen ta karanta takardarka ta biyu. Na ce mata, “Kin ga abin da fensirinki ya jawo.” Ta ce, “Ban san ƙarya ka shimfiɗa a gaban ba, Clarence. Da na sani da tawada zan rubuta.” Ta cire ƙyallen kyautar na ɗaya da aka ba teburinmu daga bango, yanzu da shi take ɗaukar tukunya.

Ga ƙunshi nan. Lofen yana ciki, na naɗe shi da auduga. Akwai kuma gwangwaninsa. A kan jarida na yi kankarar, da na gama sai na kasa zubarwa, na juye baƙin garin a ciki na rufe. Bai fi cokali biyu ba. Ban san abin da ya sa na ajiye ba.

Ba na roƙon komai.

Clarrie

*

Vanikoro
5 ga Disamba, 1961

Clarence,

Ƙunshin ya iso lafiya, babu abin da ya fashe. Ina nan ƙalau. An shiga damina kuma.

Na buɗe audugar a baranda inda haske yake. Zan faɗi gaskiya tunda ita na nema a wurinka: ban taɓa riƙe buldok kamarsa ba. Aikin ma babu inda zan gyara, bakin da ka yi ya zauna kamar da shi aka haife shi. Na juya shi, na sake juyawa. Sannan na sa hanci. Kakin zuma da barasa. Ko shagonka ya fi shi warin mutum.

Maganar wata goma sha huɗu, ban san ya kira ka da sunana ba. Na yi kwana biyu ina tauna wannan. Kai ka ɗauke shi zuwa bayan gida, kai ka aske shi, ni ina nan ina jan itacen wasu. Wannan ba zan taɓa iya rama maka ba, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Da ka rubuto tun farko ka ce, Merv, ni na riƙe masa shi, ka bar mini, wataƙila da na yi fushi na wata guda sannan na ce ka ɗauka, da ƙanzonsa.

Na kuma zauna na tuna talatin ɗina. Kowane ɗaya da haƙorin wani a jiki na same shi, na sa samfefa na goge ina fito. Ban taɓa tambaya ko mai shi ya bar ɗa ba. Ni na sa maka wuƙar a hannu na nuna maka yadda ake juya ta. Wannan nawa ne. Sai dai 'ya'yan mutanen nan babu wanda ya rubuto mini da hannun hagu ya ce kada in taɓa. Ni na rubuto maka.

Ka ce ba ka san abin da ya sa ka ajiye garin ba. Ni na sani. Da datti ka ɗauke shi da ka zubar. Ka san abin da kake kankarewa, kana yi kana sane. Kuma bayan haka ka bar ni na zagi mutumin da bai yi mini komai ba, na zauna ina lallashinka kada ka rasa barci. Lofen zan iya cewa ciwon da ke jikinmu ne ya fi ƙarfinka. Takardar Yuni kuwa a natse ka rubuta ta, har da hatiman da ka ƙirƙiro wa ambulan.

Ga abin da na yanke. Na mayar da lofen cikin audugarsa, zai biyo jirgin Alhamis. Naka ne. Ba na Baba ba ne yanzu, lofe ne mai kyau, kuma lofe mai kyau a kabad ɗinka ya dace. Talatin ɗin ma ka riƙe. Na daina tara. Saba'in da biyar, duk samfuri ɗaya, ba a taɓa ganin haka a tsibirin ba.

Gwangwanin na riƙe. Na buɗe shi sau biyu. Yana ciki, Clarence, kaɗan, amma yana ciki. Na lura na biyun bai kai na farkon ƙarfi ba, don haka na rufe, na karɓi zaren fatsa a wurin masunta na naɗe bakin murfin. Ba wanda ya riƙe mini, da haƙori na ja ƙullin.

Kwantiragina zai ƙare a Afrilu. Daga jirgi Strahan zan wuce, ba zan biyo ta Launceston ba. Kada ka rubuto sai na rubuto, kuma ban san yaushe ba ne. Ba na yi maka fatan sharri. Ka kula da gwiwar.

Ka gaya wa Noreen na sami zuma a wurin mutanen ƙauye, na yi yadda ta ce. Hannun ya warke. Da dama na rubuta wannan.

Mervyn Triffitt